Ƙanzon Tukunya

Shekara goma sha ɗaya ina tuƙa tuwo a wata makarantar kwana ta 'yan mata a wajen Daura. Kullum in an kwashe, nakan kankare ƙanzo in kai wa awakina, yadda na tarar ana yi. Da aka kawo sabon shugaba, sai ya sa maigadi ya buɗe bokitina. Aka zaunar da ni gaban kwamiti. Malamar da ta karanto laifina, wai satar abinci, tuwona ta ci tana ɗaliba. Bayan dakatarwar mako biyu aka ce in riƙa zubar da ƙanzon a bola. Awakin gidan shugaban ke cinyewa.