Gyaɗa a Aljihun Yunifom

Shekarun baya, lokacin muna 'yammata a gidanmu na Kontagora, sana'ar mahaifiyata ƙuli-ƙuli ce da man gyaɗa. Kawuna ke kawo mana buhunan gyaɗa mai ɓawo daga Beri, mu baje tabarma a tsakar gida mu yi ta ɓarewa har yatsu su yi kanta. Ni dai boko bai karɓe ni ba, a aji huɗu na firamare muka yi sallama da shi, ba faɗa ba gaba. Na zama 'yar zaman gida, har yau kuma haka nake. Amma Allah ya ba ni kunne. Daga takun mutum a zaure nakan gane ko da fushi ya shigo ko da tsaraba.

Ƙanwata kuwa lissafi ne abincinta. Tana aji uku na sakandare aka zaɓe ta ta wakilci makarantarsu a gasar lissafi ta makarantun yankinmu, wanda ya zo na ɗaya kuma za a tafi da shi Minna. Yarinyar da ko Tegina ba ta taɓa takawa ba, ta wayi gari ba ta da zance sai Minna. Har ɗankwalina na fita unguwa ta fara roƙo tun ba a je ko'ina ba.

Wata rana da la'asar sai ga malamarsu ta lissafi ta yi sallama, wata doguwar mata mai fara'a daga wajen Tungan Magajiya. Bayan gaisuwa ta gaya wa mahaifiyata abin da ya kawo ta. Gasar kashi biyu ce, ta ce, akwai ta rubutu akwai ta baki. A ta rubutu babu mai kama ƙafar yarinyar nan. Amma a ta baki, inda ake karanto tambaya ba biro ba takarda, ka ba da amsa kafin a kaɗa ƙararrawa, sai ta sandare kamar an dasa ta. Sun gwada sun sake gwadawa, haka dai. Shugabar makaranta ta ce in abin bai gyaru ba, a cire ta a sa wata.

Ƙanwata na gefe da faifai a cinya, hawaye na ɗiga cikin gyaɗa. Mahaifiyata ta ce ko a karɓo mata rubutu ne ta sha. Ni kuwa bakina da ba ya iya shiru ya fara ƙaiƙayi.

Na daɗe ina lura da wani abu. In muna ɓarar gyaɗa, takan ajiye littafinta a gefe, ta leƙa tambaya, ta ci gaba da aiki. In tambayar ta yi mata tauri, sai ka ji ɓawon yana fashewa a hankali, ƙas, sai can kuma ƙas. Daga nan hannun ya tsaya cak. Sai ka ji guda uku a jere da sauri, ƙas-ƙas-ƙas, ta miƙa hannu ta ɗauki biro. Ban san ko alif na abin da take lissafawa ba, amma wannan ƙarar na san ta kamar muryar mahaifiyata.

Na ce, "Malama, don Allah jefa mata tambaya guda ɗaya yanzu, yadda take ɗin nan."

Ta dube ni ta dubi yarinyar, ta karanto wata tambaya da Turanci. Na juya musu baya. Ina jin ukun nan na ce, "Ta samu." Ban rufe baki ba ƙanwata ta faɗi amsa. Malama ta ƙara wata, na sake rigan ƙanwata. Malamar ta yi dariya har tana share ido da gefen zane, ta ce ashe kan yarinyar a yatsunta yake, shi ya sa in da biro a hannu ba ta da matsala.

"To amma Yaya," ta ce, "ai ba za mu shiga ɗakin gasa da faifai a ka ba."

Ta dai yi alkawarin za ta roƙi shugaba a bar ta, aka kuwa bar ta. Sauran kuma na ɗaukar wa kaina ban shawarci kowa ba. Ana gobe gasa na ɗauko yunifom ɗin ƙanwata na ɗinka masa aljihu a gefe, wawakeke, da jan zare a jikin shuɗin yadi, don shi kaɗai na samu a gwangwanin ɗinki. Da safe na cika shi da gyaɗa. Ta ce, "Yaya, za ki sa a yi mini dariya." Na ce gara a yi dariya a Kontagora a je Minna.

Ni da ba na fita sai da dalili, ranar na ci ado kamar mai zuwa ɗaurin aure, na sami benci a can baya. Makarantu sun zo daga Bangi, daga Rijau, daga ko'ina. Aka yi ta zubar da yara har ya rage su biyu, ƙanwata da wani siririn ɗalibi daga Bangi. Kowa da makirfo a gabansa. Hannunta na aljihu, amsa na fita. Abin da ban yi tunani ba shi ne lasifika ma tana da kunne. Duk ɗakin aka fara jin ƙas, ƙas.

Sai malamin ɗalibin Bangi ya miƙe. Ya ce a duba yarinyar nan, tun ɗazu hannunta na cikin wani aljihu da ba irin na makarantarsu ba, ga ɗinkin ma sabo. In takardar satar amsa ce a ciki, doka ta ce a kore ta.

Na hango malama ta dafe kai, don ita ma ba ta san da zancen aljihu ba. Babban alƙalin gasar, wani dattijo mai tabarau, ya sa wata malama ta zazzage aljihun a kan tebur. Ɓawo ya zubo tuli, ƙwaya na gangarawa ƙasa. Dariya ta ɓarke, ƙanwata ta sunkuyar da kai. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Ranka ya daɗe, ni na ɗinka, ni na zuba. Ita ba ta iya tunani sai hannunta na aiki."

Dattijon ya leƙo ni ta saman tabarau, ya ce ɗinkin ma ya nuna na gida ne. Ya tona ɓawon da yatsa bai ga rubutu ba. Ya ce doka ta hana takarda da biro da kalkuleta, shi dai bai ga inda ta ambaci gyaɗa ba. Amma don adalci, a raba ragowar biyu a ajiye a gaban kowa a fili. Ya jefa ɗaya a baki, ya yamutsa fuska, ya ce wani lokaci a riƙa soyawa.

Aka karanto tambayar ƙarshe. Ɗalibin Bangi, Allah sarki, yunwa ta kama shi, ya fara cin nasa kason yana kallon silin. Ni na rufe ido. Ƙas. Can kuma ƙas. Shiru. Shirun ya yi tsawo har na fara salati. Sai ga su nan ta lasifika, ukun nan a jere. Wallahi ban jira ba, na rangaɗa guɗa ni kaɗai a ɗakin da babu mai motsi. Kowa ya juyo. Na so ƙasa ta tsage in shige. A cikin wannan shirun ƙanwata ta ce sittin da shida, dattijon ya gyaɗa kai, sai ɗakin ya ɗauka da tafi, kunyata ta ɓace a ciki.

A hanyar gida na tambayi ƙanwata me tambayar ta ce ne. Ta ce mutum goma sha biyu ne suka haɗu, kowa ya yi musabaha da kowa sau ɗaya, musabaha nawa ke nan? Na farko zai gaisa da sha ɗaya, na biyu da goma, haka har ƙasa, sai a tara. Na ce wannan taron ba a garinmu aka yi shi ba, mu nan sai an gaisa sau uku kafin a zauna.

Ta je Minna da ɗankwalina, da soyayyar gyaɗa a leda. Yau ita ma malamar lissafi ce, ta ce ba ta taɓa hana ɗalibi murza biro ko kaɗa ƙafa ba. Abin da na ɗauka daga ranar shi ne, kafin ka ce yaro ya kasa, ka fara sauraron yadda yake yi in babu mai kallonsa.

Har yanzu in ta zo gidana da wata damuwa, ba na tambayarta komai. Sai in tura mata faifai, in ci gaba da surutuna, kunnena na wajen yatsunta.