Sodangi, Mai Kwance Zaren Wanda Ya Faɗi

A tsaye aka yi cinikin, a bakin rumfar mahauta ta kasuwar Kurfi, tun da sauran shekaru kafin a samu 'yancin kai. Tukur, mai shirya dambe duk kaka a filin bayan kasuwa, yana sakace haƙori da tsinke. Sodangi, mai tufkar igiya daga Ɗantutture, yana gabansa da damin igiya a kafaɗa.

"Tukur, aiki nake so ka ba ni a fagenka."

"Kai? Da wannan ƙirji naka kamar na zakaran da ruwa ya daka? Da wa zan haɗa ka, da ɗan akuya?"

"Ba dambe zan yi ba. Duk wanda aka kayar, ka bar mini shi."

"Ka kai shi gida a yi miya?"

"In kwance masa zare. Amma da sharaɗi. Har in gama, maroƙi ba ya matsowa, makaɗi ba ya matsowa, kuma ba mai tambayar shi yaya aka yi."

Tukur ya dube shi daga hula har takalmi yana neman inda ribar take, bai gano ba. "To me za a riƙa ba ka?"

"Inuwar tsamiyar can."

"Tsamiya dai ba ta gidanmu ba ce, amma na ba ka."

Suka tafa, mahauta suka shaida suna dariya.

Wanda bai taɓa tsayawa a fage ba sai an yi masa bayani. Ɗan dambe ana naɗe masa hannu da ƙyalle, a bi da zare a ɗaure tamau, a ƙulle a wuyan hannu inda hannu guda ba ya iya kwancewa. In ya yi kisa, wato ya kai abokin karawarsa ƙasa, masu kwance masa sun fi yatsunsa yawa. In shi aka kashe, kowa ya bi kalangu ya bar shi. Kakar da ta gabaci wannan ciniki, Sodangi ya ga wani ƙato zaune a ƙasa shi kaɗai yana cizon ƙullin da haƙori, jini na zuba daga leɓensa, maroƙi na tsaye a kansa yana jiran ya buɗe baki. Ya kuwa buɗe. Abin da ya faɗa cikin zafin rai shi aka yi ta rerawa daga Kurfi har Dutsin-Ma, har mutumin ya daina zuwa kasuwa. Faɗuwa a fage kowa na yi, ana mantawa. Abin da mutum ya yi bayan ya faɗi shi ne ke bin sa gida, ya bi 'ya'yansa.

Tun daga wannan ciniki, ranar dambe Sodangi kan tashi ya yi tufkarsa ta safe kamar kowace rana, ya murza rama a cinya har rana ta ɗaga. Da azahar ya ɗauki tabarma, da tulun ruwa, da ɗan kaskon man kaɗe, ya kama hanya. Ba ya shiga cikin 'yan kallo. Mutane da dama sun rantse bai taɓa ganin turmi ɗaya na dambe daga farko har ƙarshe ba. Kunne yake kasawa. Da ya ji ihu ya tashi, ya san an yi masa baƙo, sai ya miƙe ya ratsa taro, ya kama gwiwar hannun wanda ke ƙasa ya ce, "Taso, ɗana, mu je inuwa."

Mutumin da ya ƙare rayuwarsa cikin igiya, wane ƙulli ne zai gagare shi? Amma a gindin tsamiyar nan ƙulli ba ya kwantuwa da wuri. Zai juya hannun, ya yi tsaki, ya ce, "Kai, wa ya yi maka wannan ɗauri? Ba ya ƙaunarka." Ya tambayi yadda dawa ta yi a garinsu, ya tambayi lafiyar tsohuwa, ya kawo labarin jakinsa da ba ya jin magana. Bai taɓa ce wa kowa "yi haƙuri" ba, don ya san kalmar nan a wannan lokaci wuta take ƙarawa. Idonsa na kan zare, kunnensa na kan numfashi. Sai numfashi ya sauka sannan ƙulli ya saki. Ya wanke wa mutum fuska, ya shafa masa mai a yatsu, ya ce, "To, je ka ba shi hannu. Ka ɗaga kai, ba sata ka yi ba."

Mahautan Kurfi na ba da labarin wani Ummaru da ya zo gindin tsamiya yana rantsuwa sai ya ɗauko wuƙa. Ranar ƙullinsa ya kusa kai magariba. Da ya tashi, shi ya je ya ɗaga hannun wanda ya kayar da shi, maroƙa suka rasa abin cewa sai yabo. Yau Ummaru dattijo ne a unguwarsu, ana kai masa sulhu. Wasu sun yi kuka a inuwar nan kamar yaran goye. Su wa da wa? Je ka tambayi Sodangi ka ji, zai ba ka labarin jaki.

Akwai abu ɗaya da 'yan damben wannan fage suka riƙe da ƙarfi: zare kwance shi ake yi, ba a yankewa. Wanda aka yanke wa zare, a wurinsu, an sallame shi daga fage ke nan har abada, ba wanda zai ƙara yarda ya kara da shi. Sodangi na da 'yar wuƙar aikinsa a aljihu kullum, amma shekara da shekaru bai taɓa sa ta a zaren ɗan dambe ba. Sai ranar Bilya.

Bilya na Kuki mahauci ne a kasuwar Dutsin-Ma, kuma tun da ya fara naɗa hannu gwiwarsa ba ta taɓa ƙasa ba. Yakan wuce ta gaban tabarmar Sodangi ya ce, "Baba, a ci gaba da share wa baƙi wuri, ni dai ba ni da rabo a inuwarka." Sodangi ya ce, "Allah ya sa, Bilya. Amma tana nan."

Bayan 'yancin kai da 'yan shekaru, wata kaka, wani baƙo ya zo daga birni da akwatin naɗar magana, zai ɗauki waƙar Ɗan'auta, maroƙin fagen, mai harshe kamar aska, a sa a rediyo. Ranar aka haɗa Bilya da wani saurayi ɗan Barkiya, Sabitu, wanda ko take bai gama samu ba wurin makaɗa. A turmi na biyu Bilya ya kai hannu ya wuce, yaron ya goce ya sakar masa ɗaya a gindin kunne. Bilya ya zube. Fili ya ɗauki ihu.

Sodangi ya ratsa ya kama gwiwar hannunsa. Ya ɗaga Bilya daga ƙasa. Ya kai shi tabarma, ya zuba masa ruwa a kai har ya jiƙa naɗin, ya sa yatsa a ƙulli. Sai ga Tukur tafe, baƙo na bayansa da akwati, Ɗan'auta na bayan baƙo, taro na bayansu duka.

"Tukur, sharaɗinmu."

"Haba Sodangi, yau ɗaya dai. Sunan Kurfi zai shiga rediyo. Kalma biyu zai faɗa."

"Bari in gama, ya faɗi goma."

"Motar baƙo ba za ta jira ƙullinka ba."

Sodangi ya miƙe ya buɗe hannuwa ya tare, amma mutum ɗaya ne, siriri, taro kuwa so yake ya ji. Aka ture shi gefe, ba da mugunta ba, kamar yadda ake ture ƙyauren da ya tare hanya. Baƙo ya miƙa abin magana a bakin Bilya, Ɗan'auta ya leƙo ta kafaɗarsa ya ce, "Na Kuki, yaya ɗanɗanon ƙasar Kurfi? Da gishiri ko babu?"

Bilya ya buɗe baki. Ya ce ba ƙarfi aka fi shi ba, asiri aka yi masa. Ya ce mutanen Barkiya ba su san dambe ba sai binne-binne. Ya ambaci uban yaron da abin da ba a maimaitawa. Sannan ya tashi ya kai wa Ɗan'auta naushi da hannun naɗi, maroƙi ya sunkuya, hannu ya sauka a kututturen tsamiya. Kowa ya ji ƙarar. Bilya ya keta taro ya kama hanyar Kuki da zarensa a hannu.

Sodangi ya bar tabarma da tulu a nan ya bi shi. Ya cim masa rana na shirin faɗuwa, zaune a yashin wani busasshen rafi. Ƙashi ya fashe a ciki, hannu ya kumbura, jiƙaƙƙen zare ya nutse cikin tsoka, yatsu sun yi sanyi sun canza launi. Sodangi ya durƙusa ya sa farce, ƙulli ya ƙi. Wannan karon da gaske ya ƙi. Ya sa haƙori, shi da ya shiga aikin nan don kada ya ƙara ganin haƙori a kan zare. Ya ƙi. Sai ya sa hannu a aljihu.

Bilya ya janye hannunsa. "Baba, in ka yanke ka kashe ni karo na biyu. Bar shi. Sai na rama."

"In na bar shi zuwa safe, ba zare za a yanke ba, hannu za a yanke. Da me za ka riƙe wuƙa ranar kasuwa? Kirari za ka kai wa matarka Larai ta dafa wa yara?"

"Na ce ka bari."

"Na ji ka. Ka riƙe ni da shi, na yarda."

Ya danne hannun da gwiwa ya yanke. Jini ya koma yatsu, Bilya ya yi ƙara, sannan ya juya masa baya. Sodangi ya raka shi har wurin maɗori.

Ba a daɗe ba aka ji muryar Bilya a rediyon mai shayi a Dutsin-Ma, an cire zagin uba, an bar sauran. Bayanta waƙar Ɗan'auta: Bilya ya rasa ɗan Barkiya, ya koma dambe da tsamiya. Yara suka ɗauka, 'yan mata suka sa a gaɗa. Mutumin da ya yi shekaru ba a kayar da shi ba, duk abin da aka sani game da shi yanzu bai wuce wannan ba. Sabitu da kansa ya je Ɗantutture ya ce, "Baba, da an bar maka shi, da ni da shi duk mun fi haka."

Sodangi ya koma gindin tsamiyarsa kaka ta gaba, bai yi wa Tukur gori ba. Bilya kuwa har yau bai ƙara yi masa magana ba. Sai dai duk ranar kasuwar Dutsin-Ma yakan zo inda Sodangi ke baza igiya, ya ajiye ƙunshin hanta da hannun dama mai tabon zare, ya juya ya tafi.

Kai ne, Sodangi, ka zaɓi gefen da ba a kiɗa. Kai ne ka gane cewa namiji in ya faɗi ba magana yake bukata ba, ɗan lokaci yake bukata, kuma ka saya masa shi da ƙaryar ƙulli. Ka ji abin da ba a so a ji daga bakin maza, ka haɗiye. Ka yarda mutum ya ƙi ka muddin ya tsira da hannunsa. Ba ka da take, ba makaɗin da ya taɓa kiran sunanka, uban waɗanda suka faɗi.

Bana yatsun Sodangi sun sandare, ko allura ba ya iya riƙewa. Ya je wurin Tukur, wanda shi ma ya tsufa, ya ce, "Na maido maka inuwarka." Tukur ya ɗago kai. Ya ce, "Ni ban cika nawa alkawarin ba, Sodangi." Sodangi ya ce, "Sau ɗaya ne." Tukur ya ce, "Ɗayan ya isa."

Mun gode, Baba Sodangi. Allah ya suturta ka yadda ka suturta bayinsa, ya sa ka gama lafiya. Ku kuma samari masu rububin ɗaga wanda ya yi kisa, ɗaya daga cikinku ya waiwaya. Aikin ba ya son ƙarfi. Tabarma ce, da ruwa, da iya riƙe baki. Yanzu akwatin magana ya ƙara yawa, kuma ba ya jira.

In an zo rabon wannan ciniki, Ɗan'auta ya ci riba, ya samu riguna da suna. Kurfi ta ji sunanta a rediyo yamma ɗaya. Sabitu ya ci dambe, amma ba a tuna kisansa sai a tuna zagin da aka yi wa ubansa. Bilya ya rasa fage da suna, ya tsira da hannun da yake ciyar da gidansa. Maza da yawa da ke yawo yau da mutuncinsu a Kurfi da Dutsin-Ma sun ci ribar da ba wanda ya san sun ci. Sodangi inuwa ya nema, ita ma bai taɓa hutawa a cikinta don kansa ba. Asara kuwa ta fage ce: a damben makon jiya an kayar da wani yaro ɗan Kuki, aka gan shi a gindin tsamiya shi kaɗai, yana cizon zare da haƙori.