Rediyon Inna Mai Baki Biyu

Rediyon Inna hajar huɗu yake ci. Haka muke kiran ƙananan batura a ƙauyenmu na kusa da Abu Hujar, da kalmar Larabawa. Kawuna ne ya kawo mata shi daga aikin hajji, kuma tun ranar da ta gano inda ake kama Hausa a cikinsa ba ta ƙara yarda wani ya murɗa mata shi ba. A bakin Nilu aka haife ta, ba ta taɓa ganin Sakkwato ba, amma kullum bayan la'asar sai ta shimfiɗa tabarma ta zauna ta ji mutanen can suna magana.

Damina ce ke hana ta. Da ruwa ya sauka sai hanya ta zama laka, motoci su daina zuwa, hajar su ƙare a kanti. Takan shanya tsofaffin a rana, ta bubbuga su da taɓarya, su yi mata kwana biyu su mutu.

Ni a lokacin ban daɗe da dawowa daga Damazin ba, inda na yi lebura wurin ginin madatsa, ina ja wa masu aikin wuta waya. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini, amma idona a buɗe yake. Da na dawo sai na kama kula da babur, wato injin da ke jan ruwan kogi zuwa gonakin gaɓa. Da babban batir irin na lori ake tayar da shi, kuma da damina injin hutawa yake yi, batirin na zaune a banza.

Kafin ruwa ya rufe hanya na ɗauki rediyon na hau lori zuwa Makwar, wurin wani mai gyara da ake yabo.

Na ce, "Ya usta," yadda ake kiran gwanin sana'a da Larabci, "so nake rediyon ga ya riƙa shan wuta daga wuri biyu. In akwai babban batir ya sha daga nan, in an cire ya koma wa hajar ɗinsa, ba sai an buɗe bayansa ba."

Ya dube ni daga sama har ƙasa. "Inta Fallati?" Wato ko ni Bafillace ne.

"Bahaushe ne."

"Duk ɗaya. Babban batir volt goma sha biyu ne, wannan shida yake ci. Ƙone shi za ka yi. Ma fi tariga, babu hanya. Koma ka tsinci auduga, ka bar wa masu karatu wuta."

Na naɗe rediyon a mayafina na fita, ko sallama ban yi masa ba. Sai a cikin lori na gane cewa a tsakiyar zagin nan ya ba ni abin da ban sani ba: sha biyu da shida. Batirin babur ɗakuna shida gare shi, an haɗa su da sandunan dalma a sama. Rabin sha biyu ai shida ne. In na kama ɗakuna uku kawai, shi ke nan.

Na ɗoro batirin a jaki na kawo gida. Na gasa ƙusa a gawayi, na narka dalma, na liƙa waya biyu a daidai inda hajar ke taɓa ƙarfe, na maƙala ɗaya bakin a ɗakuna uku. Rediyo ya yi magana da ƙarfin da bai taɓa yi ba. Inna ta yi guɗa.

Kuskurena shi ne na bar tsofaffin hajar a ciki. Babban batirin ya yi ta tura musu wuta, su kuwa ba irin waɗanda ake cikawa ba ne. Kwana na uku Inna ta ce rigar rediyon ta jiƙe. Da na buɗe, hajar sun kumbura sun yi amai, ƙarafunan ciki sun yi kore.

Yayana ya tsaya a kaina. "Mutumin ya gaya maka gaskiya, kai ne mai taurin kai. Mayar mata da abinta yadda yake."

Inna ta ce, "Ya mutu?"

Na ce, "Bai mutu ba, Inna."

"To ci gaba, ɗana. In ya mutu, a hannunka ya mutu. Ba ni kai kayana wurin wanda ya zage mu."

Na wanke ƙarafunan da ruwan kanwa, na kankare su da wuƙa. Yanzu na san abin da ake bukata: in wuta ɗaya ta shigo, dole a yanke ɗayar. Kwana biyu ina juya rediyon a hannu, sai idona ya kai ga ƙaramin ramin da ake soka abin sauraro na kunne. Da ka soka shi lasifika ke yin shiru, da ka zare ta dawo. Me ke yanke ta? Na kwance ramin na duba, ashe wani ɗan harshen ƙarfe ne a ciki, wanda tsinken abin kunnen ke turewa gefe.

Na haɗa lasifikar kai tsaye, na ratsa wayar hajar ta cikin harshen nan, na yanke tsinken abin kunne na ɗaura shi a wayar babban batir. Na naɗa jan zare a bakin da ke zuwa wurin alamar ƙari, don kada wani ya juya su. Na sa sababbin hajar guda huɗu da Inna ta saya ta ɓoye tun kafin hanya ta rufe. In na soka, babban batir ke ba da wuta, hajar su huta. In na zare, su karɓa. Kowane mako nakan mayar da maƙalan ɗaya rabin batirin don kada gefe guda ya gaji, nakan kuma kai shi gaɓa in tayar da injin ya cika shi.

Labari ya kai kunnen mai babur, wani ɗan kasuwa da ke zaune a Abu Hujar. Ya biyo laka a kan jaki ya iso gidanmu da la'asar, ya tarar da mata cike da tsakar gida suna sauraro.

Ya ce, "Ya zol, kai mutumin nan, batirina ne wannan ko na uwarka?"

Na ce, "Naka ne, kuma ya fi lafiya a nan bisa zama cikin raɓa. Amma ɗauki."

Na sunkuya na zare tsinken. Mai karanta labarai ya ci gaba da maganarsa, ko kalma ɗaya ba ta faɗi ba. Mai babur ya dubi batirin, ya dubi rediyon, ya sake duban wayar da ke hannuna. Ni na ɗora masa kayansa a jaki, na kuma ce ya nemi wani mai kula da injin.

Da hanya ta buɗe, wani direban lori ya ba ni batirin da ya yar don ɗakuna biyu sun mutu. Uku kawai nake bukata. Yakan ɗauke shi ranar kasuwa ya ciko mini. Kafin damina ta gaba, duk mai rediyo a ƙauyenmu ya kawo mini nasa, har da yayana, wanda ya aiko da nasa ta hannun matarsa.