Algaita a Garejin Kawu

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shekara huɗu kacal ya yi a Ingila tun yana saurayi, ya karanto aikin injiniyan ruwa a wani gari da ke tsakiyar ƙasar. A Amurka kuwa ya haura shekara ashirin. Amma in ka ji yana magana sai ka rantse jiya ya sauko daga jirgin Landan, Amurkar kuma ya ratso ne kawai ya sha ruwa ya wuce.

A gidansa na Gaithersburg na sauka da na zo karatu, ban kuma tashi ba sai da na yi aure, don haka na ga abin da idona. Ba ya shan shayin da aka tsoma jaka a kofi, sai na buta, butar ma sai an fara ɗauraye ta da ruwan zafi. Abincin dare ma shayi yake ce masa, wai haka mutanen garinsu na can suke faɗa. Sau da yawa ya gayyaci baƙi shan shayi su cika cikinsu a gida, su zo su tarar da tuwo da miyar kuka na jiransu.

Gaisuwarsa ita ce ta fi ba mu wuya. Duk wanda ya haɗu da shi, daga mai kawo wasiƙa har yarinyar da ke karɓar kuɗi a kanti, sai ya ce masa "Ei op, mi dok." Na daɗe ina ji kafin na tambaye shi ma'anarta, ya ce wai "sannu, agwagwata" ke nan, kuma a can babu kalmar da ta fi ta nuna ƙauna. Matarsa, wadda nake kira Inna, ta ce duk tsuntsayen da Allah ya halitta a rasa wanda za a kira mutum da shi sai mai wanka a kwata. In kuma an miƙa masa abu ba ya godiya irin ta kowa, sai ya ce "Ta", ya yi shiru. Inna takan tsaya da faranti a hannu ta ce, "Ta yi mi?"

Inna Basakkwaciya ce, zaman Amurka bai taɓa bakinta ba ko kaɗan. A nan ne Kawu yake da fuska biyu. Mutumin da zai zauna ya yi maka sa'a guda yana yabon yadda mutanen tsakiyar Ingila ke haɗiye rabin kalma, shi ne in Inna ta ce "mi kaka so" ko "ya tahi" zai kwaikwaye ta yana dariya, ya ce a yi masa fassara zuwa Hausa.

Sai kuma gwangwanin alawa. Yana ajiye shi can saman kabad, ba ya saukowa sai ranar Juma'a bayan an dawo daga masallaci. Duk wanda zai biyo ta Landan sai Kawu ya ɗora masa saƙo. Akwai wata mai zane baƙi da fari kamar jakin dawa, akwai tofi mai kama haƙori ya ƙi saki, akwai kuma wata baƙa wuluk mai ɗanɗanon maganin tari, wadda ya fi so, wadda kuma ni ce kullum take faɗowa a hannuna. Ba a tauna ta, tsotsa ake yi, yana ba ka tarihinta.

Babban abin taƙamarsa shi ne kunne. Yakan ce a kawo masa kowane Bature daga tsibirin nan da Ingila take cikinsa, ya buɗe baki ya yi jimla ɗaya, zai faɗi garinsu, in an matsa ma ya faɗi unguwa.

Wata rana muna yanka albasa a kicin, bayan ya gama kwaikwayon Inna a gaban baƙi, ta ce mini ba tare da ta ɗago kai ba, "Wai ke, duk ƙasar Turawan ga babu wanda bakinai ka gagarar kawunki?"

Nan take wani dattijo ya faɗo mini a rai. A lokacin ina ɗan aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti, shi kuma shi ke gyara mana injuna in sun lalace. Mutumin Sikotilan ne, can arewa da Ingila, daga garin Glasgo, ja jawur, gashin girarsa kamar tsintsiya. Sai da na yi watanni kafin na fara gane inda maganarsa ta dosa, alhali ma sassauta mana yake yi. Washegari na same shi na ce kawuna yana kewar Turancin asali, ko zai zo mana shan shayi, amma da sharaɗi ɗaya: ya yi magana yadda yake yi da mahaifiyarsa, kada ya rage komai. Sai na ga idonsa ya yi haske. Ya ce rabonsa da sakin harshensa tun zuwansa ƙasar nan.

Kawu da ya ji Bature zai zo daga tsibirinsa, bai ma tsaya jin wane yanki ba. Ran Lahadi ya ɗora kwat ɗinsa mai kauri a kan kaftani, ya fito da kofunan da ba a taɓawa, ya sauko da gwangwani duk da ba Juma'a ba ce. Ya tari baƙon a bakin ƙofa ya ce masa agwagwa. Dattijon ya damƙi hannunsa ya buɗe baki.

Ban san yadda zan kwatanta ba. Kamar a juye buhun tsakuwa a kan kwanon rufi. Kalmomi na birgima suna hawa kan juna, "r" tana kaɗawa kamar ta Bahaushen da ya ji haushi. Na ga murmushin Kawu ya tsaya cak a inda yake, bai ƙaru ba, bai ragu ba. Ya juyo ya tambaye ni da Hausa, ƙasa-ƙasa, daga ina na ce mutumin yake. Na ce ai na bar wa kunnensa.

Kawu ba ƙaramin mutum ba ne. Cikin ɗan lokaci ya lura baƙon yana yawan cewa "ai", wato "e" a bakinsu, sai ya kama wannan kalma ya riƙe ta kamar igiya a rijiya. In baƙon ya yi dariya, ya yi dariya. In ya ɗaure fuska, ya girgiza kai cikin jimami. In ya tsaya, sai ya ce "Ai, ai." Inna na kai da kawo da faranti, fuskarta babu alamar komai, sai dai na ga kafaɗunta na rawa in ta juya baya.

Baƙon ya zo mana da tsaraba, wata alawa da ya dafa da hannunsa yadda mahaifiyarsa ta koya masa, an yanka ta murabba'i-murabba'i, launin ƙasa-ƙasa. Kawu ya samu wurin shan iska. Ya ɗauki guda ya ɗaga ta sama, ya juya Hausa ya shiga yi mana bayani cewa wannan alawar manyan gida ce, ba kowa ke samunta ba. Inna ta gutsura, ta tauna, ta ce, "Wanga ai tuwon madara na. Sukari dai ya yi mai yawa." Ta shiga kicin ta fito da nata a roba. Dattijon ya ci ɗaya, ya ci biyu, sannan ya ce mata a hankali, da Turancin da kowa ya ji, tun rasuwar mahaifiyarsa bai ci mai laushin wannan ba. Kawu ya tura masa gwangwani gabansa, bai ko kalla ba.

Can wajen tashi ne baƙon ya leƙa ta taga ya hango garejinmu. Ya gyara zama ya yi wata doguwar magana, ya ƙare da ɗaga girarsa yana jiran amsa. Ni na ji abin da ya ce. Cewa ya yi yana busa algaitar ƙasarsu, mai jakar iska, amma a benen da yake haya maƙwabta sun kai ƙararsa har sun gaji, ko Kawu zai ba shi aron gareji ya riƙa zuwa duk safiyar Asabar.

Kawu ya bugi gwiwarsa ya ce, "Ai, ai."

Shayi ya sarƙe ni. Da na samu numfashi na ce, "Kawu, ka kuwa ji abin da ya roƙa?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ke ce za ki fassara mini Turanci?"

Na kwashi kofuna na fita. Da na gaya wa Inna a kicin ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ba ta taɓa jin algaitar ba, shi ya sa.

Ran Asabar da hantsi mota ta tsaya a ƙofar gida. Kawu ya leƙa ya ga abokinsa da doguwar akwati, ya ce da mu da ma sun yi da shi zai zo, cikin muryar wanda ke fatan akwatin ta gaya masa dalili. Ya buɗe masa gareji. Dattijon ya fito da wani abu kamar akuyar da aka kifar ƙafafu a sama, ya saƙale ta a hammata, ya hura, ya matsa.

Kofuna suka amsa a cikin kabad. Karnukan layin suka ɗauka. Inna ta saki ludayi ta ce ko akuyar ce ba a gama yankawa ba. Maƙwabcinmu, wani Alhaji mutumin Kumasi, ya fito da jallabiya yana tambaya ko lafiya. Kawu ya tare shi a tsakar gida, fuskarsa ta yi fari kamar an shafa toka, ya ce masa lafiya lau, al'ada ce, shi ya gayyato ta. Daga nan ya ɗauko kujera ya kai gareji ya zauna daram a gaban mai busa, yana kaɗa ƙafa, har aka gama.

Ran Litinin na tarar da dattijon kwance a ƙarƙashin wani inji. Na fara kame-kame ina neman hanyar da zan ce masa an samu rashin fahimta. Ya turo kansa waje ya ce, "Yarinya, tun kalmar farko na san kawunki bai ji ko ɗaya ba. Amma gareji gareji ne." Ya koma ƙarƙashin injinsa yana fito.

Haka Asabar ta zama tasa. Kawu ba zai kore shi ba, don korar tana nufin ya yarda bai san abin da ya amsa ba. Mu kuma ba mu da bakin magana, mu muka jawo. Bayan busa sai a shigo falo a sha shayi, a nan ne abin ya sauya salo. Inna ba ta da girman da za ta kare. In dattijon ya yi magana ba ta gane ba, sai ta ɗaga masa hannu ta ce ya sake, ya sake, har sai ta ji. Ta koya masa "awo", wato "e" a bakin Sakkwatawa, shi kuma ya koya mata yadda suke ce wa ƙaramin abu "wi". Kafin sanyi ya shigo suna hira su biyu kamar 'yan gari ɗaya, tana sa masa tuwon madara a roba ya tafi da shi. Na lura Kawu ya daina zama a kujerarsa ta kullum, ya dawo kusa da Inna, kunne a miƙe, yana tsintar abin da take sa a maimaita. In an yi dariya yanzu yana yi a kan lokaci. A watannin nan ban ji ya kwaikwayi bakinta ko sau ɗaya ba, don wanda ke cin tuwo a hannunka ba ya zagin ludayinka.

Da ƙanƙara ta fara sauka garejin ya zama firji. Na yi murna, na ce ƙarshen abin ya zo. Sai Kawu ya ce ba zai bar baƙonsa ya daskare ba, a koma ɗakin ƙasa. Ɗakin ƙasan nan daidai ƙarƙashin gadona yake. Asabar ce kaɗai ranar da nake samun barcin safe. Na kai kuka wurin Inna, ta ce tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka. Na ce ai tare muka ja. Ta ce ita ɗakinta yana sama.

Abin da ban zata ba shi ne Kawu ya kamu da gaske. Ya fara gane waƙoƙin, yana faɗin wacce ta makoki ce, wacce ta biki. Su biyun sukan zauna bayan busa su yi ta musu a kan famfo da bututun ruwa, wani lokaci har su manta da shayin ya huce. Bakin Kawu kuma ya ƙaru maimakon ya ragu: da yare ɗaya muke fama, yanzu biyu suka haɗu a baki guda, har 'yan kanti suka koma nuna masa abu da yatsa.

Daga baya dattijon ya ajiye aiki ya ce zai koma gida wurin 'yarsa. Kawu ne ya kai shi filin jirgi, ya dawo ya shige ɗaki. Na ji tausayinsa har na dafa masa shayi a buta yadda yake so. Da na kai masa sai na tarar da shi zaune a bakin gado yana juya wata 'yar sarewa baƙa a hannu. Ya ce abokinsa ne ya bar masa, wai da ita ake fara koyo kafin a kai ga mai jaka, kuma mai jakar ma ya riga ya sa a aiko masa.

Bayan 'yan watanni aka ɗaura mini aure, na tare a Manassas, nesa da Gaithersburg yadda ko iska ba za ta kawo sauti ba. Asabar ta farko ina cikin barci waya ta yi ƙara. Inna ce. Na gaishe ta, ba ta amsa ba. Sai na ji takunta tana sauka matakala, na ji ta buɗe ƙofar ɗakin ƙasa, wani kuka ya cika mini kunne, irin na mai koyo, wanda na dattijon waƙa ce a kansa. Ta bar ni na sha na ɗan lokaci, sannan ta dawo da wayar bakinta.

"Rabonki na," in ji ta. "Kak ki kashe, bai kai rabi ba."