Sunan Ɗan Farin Inna Saude

Yayana Mujitaba mutum ne mai taurin kai, kuma har yau ban huce da shi ba. Malamin lissafi ne a wata sakandare a Tudun Wada. Ba ya hira, ba ya kallon ƙwallo, shi dai a bar shi da kwamfutarsa.

Kakanninmu suna cikin waɗanda aka tasa lokacin da ruwan Tiga ya cinye ƙauyensu. Dangi suka watse, wasu Bebeji, wasu Kiru, wasu har Doguwa. Kakarmu Inna Saude, mahaifiyar babanmu, kullum tambayarta ina su wane suka ƙare. Sai Mujitaba ya ɗauki alkawarin zai nuna mata kowa a hoto ɗaya tun idonta yana gani. Ya yi ta yawo a babur yana tambayar tsofaffi wa ya haifi wa, wa ya auri wa, yana zubawa a wata manhaja mai zana alaƙar mutane, ɗigo-ɗigo da layuka kamar komar masunta.

Ana cikin haka ya sabunta manhajar. Shi ke nan, da ya buɗe ta sai ta mutu. Ya ce matsalar daga laburare take, wato ƙananan manhajojin da babbar take jingina da su. Sabuwar sigar ɗaya daga ciki ba ta jituwa da bayanansa, tsohuwar kuma ta ƙi hawa kan sabuwar manhajar. Ya sauke wannan, ya ɗora wancan, ya rame, matarsa Habiba ta gaji da ɗumama masa tuwo.

Daga ƙarshe ya gano bakin zaren. Tsofaffin matan da ya tambaya ba sa faɗin sunan ɗan fari, don kunya, shi kuma ya bar gurbin babu komai. Tsohon laburaren yana wucewa abinsa, sabon kuwa da ya ci karo da mutum marar suna sai ya kife. Ya gwada rubuta "wane" a kowane gurbi, manhajar ta haɗe su duka ta mai da su mutum ɗaya mai tulin uwaye. Na yi dariya ranar, ban san abin da ke tafe ba.

Sai ya ba kowane marar suna lamba, aiki ya fara tafiya. Gurbi ɗaya ya rage, na ɗan farin Inna, wanda ya rasu yana jariri kafin tashin. In ban da Inna, duk wanda ya san sunansa ya riga mu gidan gaskiya.

Na ce, "Yaya, sa masa lamba kawai mu huta."

Ya ce, "Baffan nawa zan mayar lamba? Ba zan yi ba."

Don Allah ina ruwan kwamfuta da baffa? Amma ya naɗe ta ya nufi ɗakin Inna, na bi shi ina hana shi. Ya durƙusa ya gaishe ta, sannan ya ce, "Inna, ki gafarce ni, aikin ba zai tashi ba sai da sunan yaronki na fari."

Ƙarya ce, kuma ya sani. Tsohuwar nan kuwa ta yarda cewa idan ta yi shiru ba za ta ga danginta ba. Sai ta buɗe baki a hankali ta ce, "Hamma."

Ya rubuta, ya danna, hoton ya fito tsaf, dangi kaf a allo. Ya miƙa mata yana murmushi. Inna ta ja mayafinta ta rufe fuska tana kuka.

Ta ce, "Ɗauke min, Mujitaba. Ba na son gani."