Shekarar da ruwan kududdufinmu ya gyaru

Ƙarfe goma da kwata na safiyar wata Talata na ɗiga maganin gwaji a kwalba, na tsaya jiran ruwan ya yi ja. Bai yi ba.

Ina shekarar ƙarshe a jami'a lokacin, kuma digirina ya rataya ne a kan randa guda da na girke a bayan ɗakin innata a Bodinga. Ruwan da ke tsiyayowa daga gonakin albasar kawuna, can wajen Shagari, yana taruwa a wani kududdufi, ɗauke da gishirin takin zamani da muke kira naitiret. Shekara guda kafin nan na gwada shi, ya yi ja kamar zoɓo, alamar gishirin ya yi yawa. Aikina shi ne in nuna cewa ƙananan halittun cikin laka za su cinye gishirin idan aka ciyar da su farar wuta. Ɗakin gwaje-gwajenmu ba shi da ita, an shiga tsuke bakin aljihu. Sai na saya a kasuwa wurin mai sayar wa maharba da masu ƙazuwa, wanda ya dubi hannuwana da tausayi ya ƙara mini gyara.

Mako bakwai ina kiwon laka a randar, ina tace ruwan kududdufin ta cikinta. Gidan ya yi warin ruɓaɓɓen ƙwai, inna ta daina gayyatar baƙi.

Ranar Talatar nan, ruwan da ya fito daga randar ba shi da naitiret, na yi murna ta minti biyu. Sannan na gwada wanda ban tace ba, na jarkar da na ɗebo daga kududdufin. Shi ma babu. Na ƙirƙiro maganin cutar da ta warke ba da sanina ba.

Na wanke kwalabe na sake, sau tara, kowanne na rubuta da sa'arsa. Mai kula da ɗakin gwaji ya ce maganin ne ya tsufa. Muka gwada shi da wani ruwan mai naitiret, ya yi ja. Malamina ya ce in sake karanta babi na huɗu. Na karanta. Saura mako uku a karɓi aiki, kuma ban iya tambayar mutum abu sau biyu ba.

Na koma gonar da jarka. Kawu yana ban ruwa, albasar ta yi sirara kamar tsintsiya.

"Ke ɗiyata, mi kika biɗa cikin ruwan ga kullum?"

Na yi masa bayani a hankali, kaina a sunkuye. Na ce, "Kawu, gishirin taki nake nema, ya ɓace, ban san inda ya tafi ba."

Ya jingina da fartanya, ya daɗe yana dubana.

"Duk bokon ga, ba wanda yag gaya miki? Bana ko buhun taki guda ba mu gani ba, kashin awaki munka zuba, shi ma bai kai ba. Ki yi haƙuri gwamnati ta kawo taki, in Allah ya so sai mu ɓata miki ruwan."