Taku Goma, a Tsaya

Wata rana, bayan damina ta ɗauke, na ɗauki Babanmu a mota na kai shi fadamar da ke bayan gari.

Wata bakwai ke nan da ya samu shanyewar ɓarin jiki. Allah ya sa abin ya zo da sauƙi. Baki ya dawo, hannu ya dawo, saura ƙafar hagu da yake ja.

Likita bai ɓoye mana ba: in bai riƙa takawa kullum ba, ƙafar za ta sandare, daga nan sai keken guragu.

Baba kuwa ya ƙi.

Mutumin da ya yi shekara talatin yana malamin gona, yana zaga ƙauyuka a ƙafa, shi ne yanzu ko ƙofar gida ba ya leƙawa. Wai ba zai ja ƙafa a gaban mutanen unguwa ana jera masa sannu kamar mai jego ba.

Mun lallasa, mun roƙa, Inna har fushin kwana biyu ta yi. Ko gezau.

Sai wani abokin aikina ya ba ni labarin hanyar fadama. Jinga ce, wato tudun ƙasa mai tare ruwa, aka daddaɓe ta bi gefen ruwa, babu hawa babu gangara, da benci nan da can a gindin goruba. Mutane kan je kallon tsuntsaye. Abin da ya fi ja na shi ne babu wanda ya san Baba a can.

Da ƙyar da jiɓin goshi ya yarda. Ya ce sau ɗaya ne, in bai ga abin da ya kai wahalar ba, kada in sake yi masa maganar fita.

To, ku ji inda na tafka wauta.

Ni dai Bahaushe, an ce fita, sai na ɗauko farar shadda da ta dawo daga wajen mai guga. Ta sha sitaci, in na motsa sai ka ce ana murza takarda. Na feshe jiki da turare kamar mai zuwa ɗaurin aure. Kuma waɗanda suka san ni sun san ko shayi a tsaye nake sha.

Muka kama hanya, ni a gaba, Baba a baya da sandarsa.

Dabarata wai in riga shi zuwa, in gano inda tsuntsaye suke, in nuna masa. Da na hango su a kan ruwa sai in ɗaga hannun riga in ƙwala masa kira.

Kafin ya ɗago kai, sun tashi.

Na ƙara gaba, suka ƙara tashi. Baba bai ga komai ba sai ruwa da ciyawa da bayan rigata.

A benci na biyu ya zauna, zufa ta jiƙa masa hula. Bai yi faɗa ba. A hankali ya ce mu koma gida, ƙafar nan ba za ta bar shi ya cim ma komai ba.

Na san in muka shiga mota a haka, an gama.

Ƙasa da mu kaɗan akwai wani dattijo a cikin kwalekwale yana ɗinkin koma, irin ragar nan ta masunta. Ashe tun zuwanmu yake kallonmu. Ya gaida Baba da ladabi, sannan ya juyo kaina.

"Samari, kallo kuka zo ko kora?"

Na ce, "Kallo, Baffa. Ƙafarsa ce ba ta sauri, kafin ya iso sun tashi."

Ya ce, "A'a, kar ka ɗora wa ƙafar Malam. Taka ce, da rigarka. Tsuntsun ruwa tun daga nesa yake hango fari, kuma ba ya shiri da mai gaggawa. Mu in za mu matso su, taku goma muke yi mu tsaya. Mu koyo muka yi, shi kuwa ga dabarar nan a ƙafarsa. Tuɓe rigar nan, ka koma bayansa, ka kama bakinka."

Ya jefo mini wata tsohuwar taguwa mai launin ƙasa, tana tashin ƙarnin kifi.

Na tuɓe shadda, na saka.

Baba ya dube ni sama da ƙasa, ya fashe da dariyar da rabonmu da jin ta tun kafin ciwon. Ya dafa sanda ya miƙe, ban taɓa shi ba.

Shi a gaba yanzu. Ya taka, ya ja, ya taka, ya ja, ya tsaya ya huta.

A tsayuwa ta uku sai ga kirinjijiya, agwagin ruwan nan, sun fito daga ciyawa, garke guda, suna fito da bakinsu, kusa da mu har ina ganin farin fuskarsu. Ga dinya biyu suna kiwo. Ga wani ƙaton guza kwance a kan kututture yana shan hantsi, ko kallo ba mu ishe shi ba.

Baba ya riƙa raɗa mini sunayensu ɗaya bayan ɗaya, da abin da kowanne ke ci, da wanda ke yi wa manoman shinkafa ɓarna. Ni da na zo nuna masa, na koma ɗalibi.

Can ya nuna mini zalɓe tsaye cikin ruwa, ya naɗe ƙafa ɗaya. Ya ce, "Ga ɗan'uwana can, shi ma da guda yake aiki."

Ban ankara ba sai na ga mun kusa ƙarshen jingar. Mutumin da bai taka tsawon zaure ba a wata bakwai.

Da muka juyo, dattijon ya tura kwalekwalensa ya shige cikin ruwa. Ko sunansa ban tambaya ba, don ni a lokacin kunyar taguwa ce ta dame ni. Wannan yana ci mini rai har yau.

A mota Baba yana ta kallon waje ta taga har muka shigo layinmu. Sannan, bai ko dube ni ba, ya ce, "Gobe ka zo da wuri. Rana na ɗagawa suke shigewa ciyawa."

Na ce to.

Yau wata uku ke nan muna zuwa, kuma shi ke tashina a waya.

Baffa mai kwalekwale, duk inda kake, na gode. Allah ya saka maka da alheri, ya cika maka koma, ya ba ka masu bin bayanka a hankali ranar da ƙafa ta gaji.

Darasi:

Wani lokacin wanda kake ganin yana ɓata maka lokaci ba shi ne matsalar ba, kai ne da saurinka. In kana son taimaka wa iyayenka da ƙarfinsu ya ragu, kada ka ruga gaba kana kiransu. Koma bayansu, ka bi takunsu.

In akwai wanda ka sani yana jinyar tsohonsa ko tsohuwarsa har ya fara ƙosawa, tura masa wannan yau. Kuma ku sa mana dattijon nan a addu'a.